Bahon Ruwan da Na Hana Baba

Jiya 'yata ta miƙo mini waya. "Ummi, shufi," in ji ta, wato in duba. Tseren jirage ne, siraran kwale-kwale na faiba, kowanne mutum ɗaya a ciki. Sai na ji ƙamshin katako a hancina, na tuna surukina, Allah ya jiƙansa.

Masassaƙin jirgin ruwa ne a Tafkin Chadi kafin aikin hajji ya zaunar da shi Makka, garin duwatsu. A unguwarmu ta Nakkasa yakan sassaƙa ƙananan jirage, tsawon kamu ɗaya. Yakan rufe ido ya shafa cikin jirgin da tafin hannu, in ya ji tudu ya kankare. Daga nan ya ɗora shi kan ruwa ya ga ko zai karkata.

Wata rana ya ce, "'Yata, ɗan cika mini baho in gwada wannan." Ni kuwa da kaina na hauro da jarkokin moya, wato ruwa, kan dutse, ga wanki. Na ce, "Baba, moya ta yi kaɗan, a bari sai gobe." Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya kai mu." Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Da aka rushe unguwar, na taho da jirgin nan da ya so gwadawa cikin zanina. Jiya na cika baho har baki, na ɗora shi. Ya zauna daram, bai karkata ba.

Baba, ka yafe mini. Allah ya shayar da kai ruwan Alkausara.