Yadda Malam Sa'adu Ya Zama Dakta

Malam Sa'adu ya shekara ashirin da bakwai yana kula da shanu a wata gonar madara kusa da Vom. Da ya ajiye aiki a 2004 ya koma gidansa a Jos, ya zauna ya rubuta abin da ya sani: yadda ake gane ciwon kofato tun saniya ba ta fara ɗingishi ba, yadda ake raba ta da kaska, da abin yi idan maraƙi ya ƙi nono. Shafi sittin ne cif, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Kafin ya kai wa masu bugawa sai ya nuna wa amininsa Shu'aibu, tela a Tina Junction. Shu'aibu yana yi wa 'yan siyasa ɗinki, don haka yana ganin babu wanda ya kai shi sanin yadda ake sa jama'a su kalli mutum. Bai buɗe takardun ba, ya dai ɗaga su ya ji nauyinsu.

"Malam, mutane ba littafi suke saye ba, mai littafin suke saye," in ji shi. "Kai kuwa duk wanda ya gan ka ya san daga garke ka fito."

"To ai daga can ɗin na fito."

"Shi za mu gyara."

Ya ɗinka masa babbar riga ruwan toka, ya samo masa tabarau, ko da yake idon Sa'adu yana hango kaska daga nesa. Suka je wurin Ikenna mai hoto, ya tsayar da shi gaban labule mai zanen kantar littattafai. "Oga, sa hannu a haɓa, yi kamar kana tunani," in ji Ikenna. Sa'adu ya tuna wata saniya da ta mutu a hannunsa, hoton ya fito da kwarjini. A bangon littafin kuma Shu'aibu ya sa aka ƙara "Dakta" gaban sunansa, wai tunda ya warkar da shanu ai ba sharri aka yi masa ba.

Ranar ƙaddamarwa ɗakin taro ya cika. Babban baƙo, Alhaji Abdulfatah, dilan katako ne daga kasuwar Katako. Ya yi kusan awa yana yaba littafin, ya ce zai gyara tarbiyyar matasa kuma zai rage mutuwar aure. Aka tafa, aka ci shinkafa, aka watse. Kwafe goma sha ɗaya aka tsinta a ƙarƙashin kujeru.

Duk da haka abin ya shiga ran Sa'adu. Ba a ɗaurin aure ko suna a unguwar sai ya je da babbar rigarsa, littafin a hammata, hoton yana kallon jama'a. Ya shiga rediyo sau biyu, aka tambaye shi abincin da ya fi so da ra'ayinsa kan ƙwallo, ba a ambaci saniya ba. Mata suka fara kawo masa yara masu zazzaɓi, yana tura su asibiti cikin kunya.

Kwalayen littafin kuwa suna jibge a ɗakin matarsa Hanatu. Da suka ishe ta, ta ba mai kawo mata nono guda biyar ta kai ruga. Bayan mako matar ta dawo neman ashirin. Wani malamin makarantar makiyaya ne ke karanta musu, har an ceci shanu uku. Kafin damina ta wuce ɗakin Hanatu ya koma nata.

Wata Asabar maƙwabcin Sa'adu ya roƙe shi ya raka shi kara, kasuwar shanu ta Bukuru, ya zaɓa masa saniya. Sa'adu ya sa tsohuwar rigar aikinsa saboda taɓo. Can ya tarar da wani dattijon makiyayi yana wanke wa bijimi kofato, ya ce masa ruwan gishirin ya yi ƙarfi.

"Haka Dakta ya ce a yi," in ji dattijon, ya zaro littafin daga aljihu, duk ya yi laushi.

"Baba, ni na rubuta shi. Cokali biyu na ce, ba huɗu ba."

Dattijon ya dubi hoton, ya dubi takalman robar Sa'adu, ya yi murmushi irin na tausayi. "Allah ya kai ka matsayinsa, ɗana. Wannan babban mutum ne, a Kaduna yake."

Sa'adu bai ja ba. Ya tsuguna ya riƙe ƙafar bijimin, suka gama wankin tare, da cokali huɗu.

Da aka gama ya koma gida. Da ya ba Hanatu labari ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, shi ma daga baya ya taya ta. Tun daga ranar duk Asabar yana kara, ana kiransa Sa'adu mai duba kofato, kuma yakan ji ana kafa masa hujja da Dakta. A 2008 ya rubuta na biyu, kan awaki. Shu'aibu ya kawo shawarar wannan karon a sa "Farfesa". Sa'adu ya ce a bar shi ya yi tunani, ya yi tunanin kwana uku, sannan ya yarda.