Faifaina a Hannunta

Duk gidanmu sun ɗauka a kan saurayi nake kumburi. Har Inna sai da ta ja ni ɗaki ta ce, "In yaron nan ne, ki sa wa ranki ruwan sanyi." Wane yaro? Dogon nan ɗan garin Sule Tankarkar mai tabarau? Ko kyauta aka ba ni shi sai na nemi gyara. Kishi kam na yi, amma ba nasa ba.

Wadda na yi kishinta 'yar kawuna ce, taubashiyata. Tare muka gama sakandare a Gumel. Ita ta wuce jami'a karatun injiniya, ni lissafi ya kayar da ni. Na yi zuciya na ƙi sake zama jarrabawar, na dawo Gagarawa ina taya Inna gyaran riɗin da Baba ke kaiwa kasuwar Maigatari.

Da kaka ta yi sai ga ta da abokan karatunta biyu: dogon nan mai karatun lantarki, da wata mai karatun noma. An haɗa su ne su ƙera injin da zai fitar da tsakuwa da ƙasa daga riɗi. Malaminsu kuma ya kafa musu doka: ranar da za su nuna injin, ba mai yin bayanin fanninsa. Mai lantarki zai yi maganar ƙarfe, mai noma ta yi ta waya da hasken rana, taubashiyata kuwa riɗi ne ya faɗo kanta. Wai sai ka iya shiga aikin wani kafin ka ƙera abin da zai yi masa amfani.

Shi ya sa ta zo ta tsuguna a gabana.

"Yaya, koya min bakace."

"Injiniya guda? Ki tambayi kwamfutarki mana."

"Ta ce in tambayi baƙauyiya."

Na miƙa mata faifaina. Jefawar farko rabin riɗin ya watse a ƙasa, kaji suka yo kansa. Na jira in ji bakin Inna, don ni in na zubar da ko cikin tafi ne sai ta ce min mai hannun rariya. Shiru. Mai noman ma tafi ta yi, ta ce, "Gwaji na farko ke nan! Me muka koya?" Suka zauna suna musu a kan yadda wuyan hannu ke karkata, suna dariya.

Nan abin ya soke ni. Ɓarna ɗaya, a tsakar gida ɗaya, tawa sakarci, tata gwaji.

Kafin sati ya zagayo ta iya. Ba kamar ni ba, amma ta iya. Ta shigo aikina ta zauna daram, har za a ba ta maki a kai. Na ce to, ai hanya ba ta zuwa sai da dawowa. Na same su a zaure sun baje zane a tabarma, na nuna wasu ƙafafu biyu da bel ya haɗa, babba da ƙarama.

"Wannan fa, don me ba su zo ɗaya ba?"

Dogon bai raina ni ba, da ma ya raina ni da na samu abin faɗa. Ya gyara zama ya yi min bayani a hankali: ƙaramar na gudu, babbar na rage gudun don kada rariyar ta watsar da riɗin. Har nan ina tare da shi. Sai ya ɗauki biro ya fara jera lambobi, wannan bisa wancan. Kaina ya ɗau zafi. Shi ne dai lissafin da na baro a Gumel, ya biyo ni har zauren ubana.

"Kin gane, Yaya?" in ji taubashiyata.

"Tuwona zai ƙone," na ce, na tashi. Ko wuta ban hura ba.

Daga ranar na daina gaishe su da kyau, aka ce saurayi ne. Da suka kai zanen wurin mai walda a Gumel, taubashiyata ta ce in raka su, na ce ƙafata na ciwo. Ranar komawarsu ta roƙi faifaina, wai da shi za ta yi bayani a gaban malamai. Na ba ta, na ce aro ne.

Da motarsu ta tashi na shiga wurin Baba na ce masa bana zan sake zama jarrabawar lissafi. Ran Asabar zan fara zuwa darasi Gumel, kuma wurin da zan ce malamin ya fara min shi ne wannan bisa wancan.