Yaya Mamuda da Igiya Ta Huɗu

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kai Yaya Mamuda makwancinsa, kuma har yau in na shiga kasuwa a Rumde Ajiya sai wani dattijo ya tare ni ya ce, "Allah Ya jiƙan Kwamanda." Nakan ce amin in wuce. Amma yayana bai taɓa zama kwamandan jirgi ba. Da igiya uku ya mutu a kafaɗarsa, ta mataimakin matuƙi. Ta huɗun, wadda ake ɗaura wa shugaban jirgi, ya yi ta bin ta har ƙarfinsa ya ƙare. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, bana dai ta ƙi haɗiyuwa.

Mu jikokin fatake ne da suka zo Garwa, a arewacin Kamaru, da fatauci suka zauna. Mahaifinmu atamfa yake sayarwa, kuma a gidanmu ladabin Hausawa ya haɗu da kunyar Fulanin da muke zaune cikinsu, sai abin ya yi mana yawa. Ba a ce wa babba ya yi kuskure. In Baba ya auna yadi ya gaza, Mamuda ba zai buɗe baki ba. Zai jira Baba ya juya gaisawa da wani, sai ya warware ƙyallen ya sake aunawa ya yanke daidai. Duk layin masu atamfa da shi ake yi wa yara misali. Ni kuwa, da bakina ba ya shiru, ni ce abin duka.

Da ya samu tafiya koyon tuƙin jirgin sama, gari ya ɗauka. Ya dawo ya kama aiki da wani kamfani a Duwala, yana zama a kujerar dama, kwamanda na hagu. Shi ya fahimtar da ni cewa lasin tuƙi hawa-hawa ne, kuma na ƙoli, wanda ke ba mutum damar shugabantar jirgin fasinja, sharuɗɗansa kamar lefen 'yar masu kuɗi suke, kana cika wannan akwati ana nuna maka wani. Akwai jarrabawar rubutu mai tarin darussa. Akwai awowin tashi da sai an yi shekaru ana tarawa, wasu cikin duhu, wasu cikin gajimare, wasu dole a jirgin da mutum biyu ke tuƙawa. Akwai takardar likita da ake sabuntawa. In duk sun cika, sai gwajin tuƙi na ƙarshe a gaban mai jarrabawa. Kuma sakamakon jarrabawar rubutun yana da wa'adi: in ya wuce ba ka ci gwajin tuƙi ba, ka koma farko.

Duk ya cika su. Kamfani ya tura shi Turai, inda ake gwajin cikin na'urar kwaikwayon jirgi, wani ƙaton akwati a kan ƙafafun ƙarfe. Ranar shi ne a hagu. Wanda aka zaunar masa a dama a matsayin mataimaki kuwa Kwamanda Hamadu ne, tsohon matuƙi ɗan Garwa, aminin mahaifinmu, wanda muke durƙusawa mu gaisar muna ce masa Baba. Mai jarrabawa, wani Bature, yana zaune a bayansu.

Abin da ya faru a bakinsa na ji, a tsakar gidana, ya tasa kifin Binuwai a gaba ya kasa ci. An kashe masa inji ɗaya, ya riƙe jirgi. An turo masa hadari, ya ratsa. Da suka zo sauka, sai Baba Hamadu ya murɗa ma'aunin tsayin da za su sauko ƙasa da abin da aka ba su, alhali akwai tsauni a gabansu. Da gangan ya yi, Baturen ne ya sa shi. Mamuda ya gani. Sai ya jira tsohon ya sunkuya duba takardunsa, ya miƙa hannu a hankali ya mayar da ma'aunin daidai. Ya sauke jirgi lafiya lau.

Baturen ya tambaye shi, "Me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Ai na gyara."

"Ka gyara, amma abokin aikinka bai san ya yi kuskure ba, bai kuma san ka taɓa komai ba. Gobe zai sake, ranar da idonka ke wani wuri. Hannunka ba shi da laifi. Bakinka ne ya faɗi."

Da ya gama ba ni labari sai na ce, "Haba Yaya, kalma ɗaya fa!" Ya dube ni ya ce, "Hadiza, Baba Hamadu ne fa. A gaban Bature?"

Na yi shekaru ina tsine wa Baturen nan. Yanzu na daina, don gaskiyarsa ce, kuma ni ma in na hau jirgi matuƙin da zai yi magana nake so. Haushina ya koma gida. Baba Hamadu ya yi shekaru yana tashi da Mamuda, ya san halinsa sarai, ya san kuma abin da ake nema a gwajin, amma ko sau ɗaya bai ja shi gefe ya ce, "Ɗana, in na yi kuskure ka faɗa mini da ƙarfi" ba. Shi ma kunya ta hana shi. Ƙanin mahaifinmu kuwa, Baffa Sale, da labari ya iso zaure cewa ya yi, "Madalla da ɗan halak! Gara ya faɗi sau goma da ya kunyata aminin ubansa." Aka yi ta gyaɗa kai. Mamuda na zaune a bakin tabarma, kansa a ƙasa.

Doka ta ba shi damar sake gwajin. Abin da doka ba ta ba shi ba shi ne kujera a na'urar gwajin. Lokacin ne aka karya darajar kuɗinmu na sefa, kamfani ya shiga halin ni-'yasu, tura mutum Turai ya zama sai wanda ke da dogon hannu a Yawunde. Ya ga waɗanda ya koya wa aiki an tura su sun dawo da igiya huɗu, ya koma yana zama a damansu. Duk lokacin da ya hau bene wurin manya sai a ce, "Dosiyenka na kan tebur, pasiyans," wato takardunsa suna nan, ya yi haƙuri. Shi kuma sai ya yi godiya ya sauko. Na ce masa ya buga tebur ɗin nan, ya ce ba girmansa ba ne. Haka wa'adin jarrabawar rubutun ya ƙare yana kallo. Ya sake zama ya rubuta duka, da furfura a gemunsa, cikin yaran da ya kusa haifa. Ya ci. Kafin a ba shi kujera kamfanin ya rushe.

Ya dawo arewa yana tuƙa ɗan ƙaramin jirgi, yau ya kai Turawan farauta wajen Colire, gobe ya kai ma'aikatan shinkafa Yagwa. Shi kaɗai a gaba, ba wanda zai yi wa gyara, ba kuma hanyar komawa ga gwajin. Daga nan ciwon suga ya shigo, likita ya karɓe takardarsa. Shekarunsa na ƙarshe a shagon atamfa ya yi su. In ƙarar jirgi ta taso daga filin sauka, kowa a layin kan ɗaga kai ya duba sama, ban da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wanda ke kan mulki ranar da ya tafi koyon tuƙi shi ne dai har yanzu, dosiyen mutane kuma na nan kan tebur. Samarin unguwarmu masu takardun jami'a suna haya da babur. An ce mini yanzu a makarantun tuƙi darasi guda ake warewa don koya wa ƙaramin matuƙi yadda zai ce wa babba ya yi kuskure. Ina jin da ya ji haka murmushi kawai zai yi, ya ce Allah Ya taimake su. Ni ba zan iya murmushin ba. Abin da za a koya masa cikin mako guda shi ya cinye masa rayuwa, kuma mu da muke ƙaunarsa mu muka ɗora masa.

Ranar rasuwarsa maƙwabtanmu Fulani suna shigowa suna cewa, "Sey munyal," wato sai haƙuri. Haƙuri kam ya yi, ban ga wanda ya kai shi ba. Shaida ɗaya kowa ya bayar: bai taɓa musu da na gaba da shi ba. Ina zaune cikin mata ina ji, kamar ana zuba mini barkono a ciwo. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Ya riƙe mahaifiyarmu, ya aurar da mu, bai ci haƙƙin kowa ba. Amma mutum ne kuma da ya so abu ɗaya da dukkan zuciyarsa, ya cancance shi, bai samu ba, kuma wannan ɓangaren an binne shi tare da shi don ya fi mana daɗin ji.

Makon jiya muka taru a gidan don yi masa addu'a. Baffa Sale, wanda tsufa ya kama sai an riƙe shi, ya sake jawo labarin. A bakinsa yanzu labarin ya zama wai Mamuda da kansa ya bar lasin, don duniya ba ta dame shi ba. Sai na ji murya kusa da ni a bayan labule, inda mu mata muke zaune. Asma'u ce, 'yar Mamuda ta fari, wadda ke aikin jinya.

"Kaka, ba haka aka yi ba. Babana yana so. Har ya mutu yana so."

Wata gwaggo ta mintsine ta, wata ta kama salati, sauran suka juyo suna kallona, don ni na riƙe ta tun rasuwar ubanta, ni ya kamata in kwaɓe ta. Daga zaure Baffa ya ɗaga murya, "Wace marar kunya ce wannan?"

Na ce, "'Yar Mamuda ce, Baffa. Ku bar ta ta ƙarasa."