Ranar da Na Kama Ƙafar Aminina a Sama

Gara in faɗa da bakina tun farko: wauta ce ta kai ni, kuma wautar tsofaffi, wadda ta fi ta yara muni don ita da furfura take zuwa. A lokacin ina gadin wani bene a Aziziyya inda ake sauke alhazai, aikin da a nan Makka ake ce wa haris. Bagobiri ne ni, gajere, mai faɗin ƙirji, kuma a samartakata na yi kokawa har makaɗan ƙauyukanmu sun san sunana. Boko kuwa ban daɗe a aji ba malam ya ce gona ta fi bukatata, don haka in kun ga rubutun nan yana ɗingishi, ku yi masa uzuri.

Ina da amini Bakatsine, dogo kamar falwaya. Sana'arsa tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi da sa'ayi, keken da muke kira arabiya. Da kafaɗun nan nasa yake ciyar da iyalinsa a Misfala, kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, tun da ya zo Hajji ya zauna. Kun san tsakanin Bagobiri da Bakatsine. Duk inda ya gan ni sai ya dafa kaina, ya riƙa tambayar mutane ko sun ga bawansa, wai yanzun nan ya ajiye shi a nan ya ɓace. Ni kuma in ce masa ya ci gaba, ranar da zan shimfiɗa bayansa a ƙasa tana nan tafe. Shekara da shekaru muna haka.

Wata Umra aka sauke mana wani Balarabe ɗan Labanan mazaunin Ostareliya, ƙato, wuyansa da kansa faɗinsu ɗaya. Ya zo da wata ƙwallo mai kama da gwandar da aka ja ta baki biyu. Da yamma yakan zauna a bencina ya nuna mini wasansu a waya, zari-ruga, irin wadda ake yi mutum goma sha uku kowane gefe. Ina gani na ce masa ai wannan kokawa ce aka ba ta ƙwallo ta riƙe don kada ta ji kunya. Ya yi mini bayani cewa in an yi ta kayar da ku kun rasa hanya, sai ɗayanku ya narka wa ƙwallon ƙafa ta yi sama, kowa ya ruga ƙarƙashinta. Wanda ya yi tsalle zai cafe kuwa, ba a taɓa shi sai ƙafarsa ta dawo ƙasa. Ya ce mamnu'u, wato an hana, ya sake cewa mamnu'u. Har ya nuna mini wani da aka kwashe wa ƙafafu a sama ya sauko ta ka, aka fitar da shi kwance da wuya a ɗaure. Na ji sarai. Larabcina na kasuwa ne, amma mamnu'u ko jaririn Makka ya san shi. Sai dai a raina na ce wannan dokar ragwaye ce, don a fagenmu mutumin da ƙafarsa ta bar ƙasa Allah ne ya ba ka shi.

Da zai koma ƙasarsu sai ya bar mini ƙwallon kyauta. Wata Juma'a bayan la'asar na tara mutanenmu a wani fili bayan inda ake ajiye bas-bas a Kudai, direbobi da 'yan dako da masu arabiya, filin kuwa tsakuwa ce zalla. Na zama shehin wasa. Na koya musu ba a jefa ƙwallo gaba, ba a shaƙe wuya, ba a cizo. Dokar tsalle kaɗai na haɗiye, kuma ba mantuwa na yi ba. Na sa Bakatsinen a ɗaya ɓangaren da gangan, don na san dogo ba ya ganin abu a sama ya ƙyale.

Aka fara. Kowa ya naɗe jallabiya a ƙugu. Ƙwallon nan in ta faɗi ƙasa ba ta san hanya ba, sai ta yi gabas ka bi ta ta koma yamma, dattawa suna bin ta suna karo da juna kamar masu kamun akuya. Wani direba ya rungume ta ya ruga har ya wuce filin, sai da aka bi shi aka ce ya dawo. Can sai na ce wa wani ɗan dako mai ƙarfin ƙafa ya buga ta sama. Ya buga, ta tashi har sai da muka kare ido da hannu. Aminina ya taho a guje yana cewa gajeru su ba shi wuri, wannan ta manya ce. Ya yi tsalle, hannu biyu a sama, ido a sama, ga ƙafafunsa suna lilo daidai ƙirjina. Wallahi a kunnena har kiɗan kokawa na ji. Na duƙa na kwashe su gaba ɗaya.

A kokawa in ka ɗaga mutum kai ne ke sauke shi, ka san inda za ka ajiye shi. Wannan kuwa tun kafin in taɓa shi yana sama, nauyinsa ba a hannuna yake ba. Ya juya kamar buhun da ya suɓuce daga kan mota, ya sauko ta kafaɗa da gefen kai. Na ji ƙarar. Ni da na riga na buɗe baki zan yi kirari, sai bakin ya tsaya a buɗe. Na ƙara wauta kan wauta, na kama hannunsa zan ja wai in mayar da ƙashi, wani kuma yana kwara masa zamzam a fuska. Wani direba ɗan Sudan ne ya ture ni, ya ce wanda ya faɗi ta wuya ba a motsa shi. Aka ce a kira motar asibiti. Aminina yana kwance, numfashi da ƙyar, ya ce don girman Allah kada a kira, za a tambayi iƙama, gara ya mutu a Kudai da ya farka a jirgin Kano. Sannan ya juyo ido ya ce a kawar masa da wannan Bagobirin daga gabansa, yana tare masa iska duk da gajartarsa.

Da ƙyar surukin wani ya samo mana wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoto. Ƙashin nan da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa ya karye. Likita ya ce da ya ɗan ƙara karkata, wuyan ne zai tafi, ya tambaya wace mota ce ta buge shi. Aka nuna ni. Ya dube ni sama da ƙasa, bai daɗe ba tunda babu tsawon da zai duba, ya girgiza kai. Ni kuwa na rantse wa kowa ban san ba a yin haka ba, na ce Balaraben ne bai gaya mini ba.

Azumi ya kama, lokacin da masu arabiya ke samun abincin shekara, shi yana gida hannu a rataye. Na karɓi kekensa ina turawa in na tashi daga gadi, abin da na samu in kai wa iyalinsa. Wata tsohuwa da na tura ta waiwayo ba ta ga kowa a bayanta ba sai hula, ta fara salati. Wata kuma ta ce in sauke ta, ita za ta tura ni. Ƙashin ya haɗe, amma hannun bai koma daidai ba. Yanzu zagaye kaɗan yake yi ya nemi wuri ya zauna, kuma tsoho mai jiki ba ya iya tura shi.

Abin da na koya shi ne, dokar da ka ga masu wasa sun kafa, wuyan wani ne ya karye kafin a kafa ta. Mutumin da ke sama ba shi da abin kare kansa, ya bar amanar jikinsa ne a hannun na ƙasa. Masu son wasan nan, ku jira ƙafa ta taɓa ƙasa, ku nemi fili mai laushi, in wani ya faɗi ta ka kada ku ja shi. Tsofaffin 'yan kokawa irina kuma su zauna a benci su riƙe wa mutane takalma.

Kwanakin baya muna shan shayi a ƙofar gidansa, ya ce mini ashe ban sani ba shi ne ya tura mahaifiyar Balaraben nan a sa'ayi, kuma shi ma an nuna masa mutumin da aka fitar da wuya a ɗaure. Ya ce da ya ji na tsallake dokar a Kudai bai tuna wa kowa ba, don a filin nan mutum ɗaya ne zai iya ɗaga shi, kuma wannan mutumin ya riga ya san dokar. Ya kurɓi shayinsa, ya ce shi ya sa da ya yi tsalle bai ko dubi ƙasa ba.