Tsumagiyar da Na Kai wa Goggo

A gidanmu na Aujara, wanda za a daka shi ke karyo tsumagiyarsa. Baba ba ya ɗaga murya. A hankali zai ce, "Uwata, je ki karyo," ni kuwa in nufi gindin darbejiya. In na kawo siririya, ya mayar da ni. Tun ban shiga firamare ba na zama gwanar zaɓen reshe, sana'ar da babu wanda zai yi mini hassadarta.

In ya gama sai ya ɗora ni a cinyarsa, ya gutsuro mini ƙosai, ya ce, "Da ba 'yata ba ce, ko kallonki ba zan yi ba." Sauran ranaku kuwa, ko na ci ko ban ci ba, bai sani ba. Mahaifiyata ta daɗe da barin gidan.

Goggo, ƙanwarsa, ta zo suna ta ga bayana ruɗu-ruɗu, ta tafi da ni gidanta a Takur. Can na ƙoshi, amma ban saki jiki ba. Ba ta taɓa dukana ba, don haka na ɗauka baƙuwa ce ni, kuma baƙo komawa yake yi. Ko mota na ji ta tsaya a ƙofar gida, sai in ɗauka an zo mayar da ni ne.

Wata safiya filas ɗin kununta ya suɓuce mini ya tarwatse. Ta leƙo daga madafi ta ce a hankali, "Zo nan, 'yata." Wannan taushin murya na san shi. Na fita da gudu, na karyo reshe mai kyau a bishiyar maƙwabta, na zage ganyen tas. Na dawo na durƙusa, na miƙa mata da hannu biyu, na juya baya na ɗage riga. Tsoro nake ji, amma har da 'yar murna, yau zan zama 'yar gida.

Da na waiga, sai na ga ta cusa tsumagiyar a murhu.

Na ce, "Goggo, in karyo mai kauri?"

Ta ce, "Ba a dukan kowa a gidan nan."

Na fashe da kukan da ban taɓa yi wa Baba ba. Na riƙe zaninta na ce, "Don Allah ki dake ni ko sau ɗaya ne, kar ki mayar da ni."