Auduga, Ɓeran Malam Isuhu

Cikin duk ranakun aikina a asibitin dabbobi a Riyad, wadda ba ta barin raina ita ce Talatar da wani dattijo ya shigo mana rungume da kwalin takalmi. Lokacin watana uku da zuwa, ban gama wa'adin gwaji ba. A tsarin asibitinmu, sabon likita ko shekara nawa ya yi yana aiki a ƙasarsu, sai ya zauna a matsayin mataimaki har takardar izininsa ta fito. Mataimaki shi ke karɓar dabba, ya auna ta, ya rubuta bayanin mai ita. Yanke hukunci kan ciwo da rubuta magani kuwa na babban likita ne. Namu babban shi ne Dakta Majdi, mutumin Masar, mai saurin magana da saurin aiki. Ni kuma shekara tara na yi ina bin shanu da awaki a ƙauyukan Zamfara, ban taɓa riƙe ɓera da niyyar yi masa magani ba.

Dattijon ya yi mini sallama da Larabci, da ya karanta sunana a aljihun riga sai ya juya Hausa. Sunansa Malam Isuhu, mutumin Maraɗi. Ya haura shekara ashirin yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, shi ke kula da ɓerayen da ake bincike da su. Ya ce waɗancan duk lamba gare su, ba suna. Wannan kuwa da kuɗinsa ya saye ta a shagon masu sayar da tsuntsaye, don iyalinsa suna gida kuma ɗaki yakan yi masa shiru. Fara ce tas, shi ya sa ya sa mata Auduga.

Da ya buɗe kwalin na ga tana kwance a kan tsohon rawani, kanta a karkace zuwa hagu. Da ta yunƙura za ta tashi sai ta mirgina, ta sake mirginawa, har ta bugi jikin kwalin. Ya ce kwana uku da suka wuce ta faɗo daga tsanin kejinta, washegari ta fara zagaye wuri ɗaya, yau kuma ko tsayuwa ba ta iyawa. Shekararta ɗaya da rabi.

Ranar zauren jira cike yake da masu kyanwoyi. Dakta Majdi ya shigo, ya duba Auduga, ya tambayi shekarunta. Ya ce ɓera mace mai waɗannan shekarun, in ta fara haka, yawanci ƙari ne ya fito mata a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ya ga irinsu da yawa, magani ba ya wuce jinkirta abin na ɗan lokaci, tausayi shi ne a yi mata allurar da za ta huta gaba ɗaya. Ya ce in kawo takardar amincewa, in yi wa mai ita bayani da yarenmu, sannan ya wuce ɗaki na gaba. Ba sakaci ya yi ba. Abin da ya faɗa shi ne ya fi faruwa.

Na yi wa Malam Isuhu bayani a hankali. Ya saurara har na gama, ya karɓi biro.

"Na san allurar nan, likita," in ji shi. "Da hannuna na sha yi. Ban dai taɓa tsayawa ta wannan gefen teburin ba."

Ya roƙi in bari ya ba ta ɗan abin da take so kafin ya sa hannu. Ya zaro guntun kokwamba daga aljihu, naɗe a takarda, ya miƙa mata. Tana kwance a gefe ɗaya ta miƙo hannuwanta biyu, ta cafke, ta shiga gaigaya tana jujjuya shi.

Nan na tsaya. A lokacin ina karatun jarrabawar izinin aiki, kuma cikin makon na karanta cewa ɓeran da ƙari ya danne wa ƙwaƙwalwa, abin da ke fara tafiya shi ne riƙon hannu. Sai abinci ya riƙa suɓuce masa, yana tura shi da baki, yana zaune sukuku kamar bai san inda yake ba. Wannan kuwa riƙonta ƙam, hankalinta na jikinta, jin muryar mai ita kawai take ta ɗaga kunne. Na sunkuya na kalli idanunta, na ga suna rawa gefe da gefe ba tsayawa, irin na wanda jiri ke ɗiba. Na kai hancina kusa da kunnenta na hagu, na ji ɗan wari. Na sha ganin akuya tana zagaye haka saboda ciwon can cikin kunne.

Na ce wa Malam Isuhu ya dakata da sa hannu. Na nufi ɗakin Dakta Majdi. Mutum na kan gwaji, iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a hannun asibiti take, ga shi zai je ya ce wa babban likita ya sake dubawa. Na ƙwanƙwasa, na ce ina roƙon minti biyu, akwai abin da nake so ya gani da idonsa.

Ya zo yana goge hannu. Na karɓi sauran kokwambar na ba ta, ya tsaya yana kallo. Sai ya ɗauko fitilar leƙa kunne, ya sa wa fitilar baki mafi ƙanƙanta, na riƙe masa Auduga cikin tawul. Ya leƙa na dama, ya leƙa na hagu, ya daɗe a na hagun. Da ya ɗago sai ya yi dariya.

"Yaga takardar nan," ya ce mini. Ya juya ga Malam Isuhu, ya kira shi baffa da Larabci: "Ya ammi, mugunya ce a kunne. Ɗan'uwanka ne ya gani, ni na wuce ta."

Ya ce in rubuta maganin da kaina, shi zai duba ya sa hannu. Wannan ce takardar magani ta farko da na rubuta a ƙasar nan.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, can cikin kunne akwai wurin da ke daidaita tsayuwar dabba. In ƙwayoyin cuta suka shiga nan, sai duniya ta riƙa juya mata, ita kuma tana mirginawa don ta bi juyin. Muka ɗora Auduga a kan ƙaramin sikeli, nauyinta bai kai giram ɗari uku ba, don haka maganinta na lokaci guda ɗigo biyu ne a bakin sirinji. Na rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, safe da yamma har mako shida, da na rage kumburi na kwana biyar. Na ce a cire tsanin keji, a shimfiɗa tawul, a zuba ruwa a faranti mara zurfi don kada ta faɗa ciki. Na kuma gaya wa Malam Isuhu gaskiya: in mako ya cika ba sauƙi, za mu koma maganar farko. Ya ce ya ji, ya gode, amma na lura bai saki fuska ba. Ashe an mayar da shi aikin yamma, bai san wanda zai ba ta maganin yamma ba. Su huɗu ne a gida ɗaya a unguwar Manfuha, kuma ba mai ƙaunar ganinta.

Ranar da mako ya cika ya dawo, amma ba shi ke riƙe da kwalin ba. Wani ƙaton mutum ne cikin abokan zamansa, mai suna Habu, ɗan Funtuwa, mai sayar da kayan miya a kasuwar Aziziya. Malam Isuhu ya ce wannan shi ne ya taɓa rantsuwa zai sayo tarko, don a kasuwa kullum yaƙi yake da danginta. Habu ya ce shi fa ba don ita ya yi ba, ganin dattijo ya kasa cin abinci ne ya dame shi. Yana faɗin haka yana gyara mata tawul. Shi ke ba ta maganin yamma cikin yogot. Wani tela da ke gidan ya ɗinka mata katifa daidai faɗin keji, aka kuma manna takarda a jikin firji, duk wanda ya ba da magani ya ja layi.

Na ajiye ta a kan tebur. Ta tsaya da ƙafafunta, ta yi taku huɗu a miƙe kafin ta karkace. Idanun sun daina rawa. Habu ya tambaye ni, da gaske, ko za a iya ƙara mata yogot ɗin, don yana ganin ta rame.

Bayan mako shida ta hau hannun rigar Malam Isuhu da kanta har kafaɗa, ta zauna tana wanke fuska. Karkatar kan ba ta tafi duka ba, ta zauna mata kamar mai kasa kunne a bakin ƙofa, kuma na gaya masa haka za ta ci gaba ba tare da wani ciwo ba. Dakta Majdi ya fito ya ɗauki hoto da ita. Habu ya sauke mana kwalin lemo daga mota, ma'aikata suka yi ta sha har aka tashi.

Abin da na koya ranar shi nake gaya wa duk sabon da aka haɗa ni da shi. Kada ka yanke hukunci kan dabba ba ka tsaya ka ga yadda take cin abinci ba, ko da mutum goma na jira a waje. In ka ga wani abu, ka je ka faɗa wa na gaba da kai cikin ladabi, ka nuna masa ya gani da kansa. In kuma kai ne na gaban, ka koyi faɗin "na wuce ta" a gaban mai dabba, hakan bai rage wa Dakta Majdi komai a idona ba. Sannan kada ka raina abin da mutum ya rungumo, musamman a garin da yawancinmu muka bar iyali a gida.

Auduga ta ƙara shekara guda cur tana yawo a kafaɗar mai ita, sannan tsufa ya ɗauke ta cikin barci. Wata biyu bayan haka aka ce ana nemana a zauren jira. Habu ne, da sabon keji da 'yan ɓeraye biyu a ciki. Ya ce na dattijo ne, ya saya masa, kuma yana so in fara duba kunnuwansu kafin ya kai su gida.