Ranar da Na Ƙi Buɗe Siton Iri

Ban taɓa mantawa da safiyar da na saɓa wa umarnin ofis ba, ni da ban cika shekara biyu a aiki ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, a ƙarshen shekarun fari. Yunwa ta sa mutane sun cinye irin da suka ajiye, sai hukuma ta aiko da irin gero, aka kuma gaya mana babu wani bayansa. Mabuɗin siton yana hannuna.

Jami'inmu na shiyya, Malam Ɗanlami, ya yi karatu a waje, ya dawo da wata falsafa da ake kira fozitibizim. Duk taron wata sai ya ba mu tarihinta. Wani Bafaranshe ne ya tsara ta, yana cewa ilimi shi ne abin da aka lura da shi, aka gwada, aka sake gwadawa. Daga baya wasu masana suka tsaurara, suka ce maganar da ba a iya tabbatar da ita ba ta da ma'ana. Mu dai mukan ɗauki zancen awon, mu bar masa sauran. A bayan idonsa Malam Awo muke ce masa.

Ƙa'idarsa ita ce ba a raba iri sai ranar shuka, don kada ya ƙare a tukunya. Ranar shuka kuwa ma'aunin ruwan sama ne ke faɗarta, wato wata kwalba mai zane da aka kafa a gaban ofishina. In ta nuna inci guda, a buɗe sito.

Wata Talata da la'asar aka sheƙa ruwa, kwalba ta wuce inci. Washegari jama'a suka cika ƙofar sito da ƙorai da sungumi. Ina shirin buɗewa sai Sarkin Noma, wani dattijo mai son barkwanci, ya riƙe mini hannu.

"Malam, kwalbarka ta sha, gonata ba ta sha ba."

Ya ja ni gona, ya tona da hannu. Danshin bai wuce yatsa uku ba, ƙarƙashinsa busasshiyar ƙasa ce. Ya ce ruwan ya zo da ƙarfi, ya gangare kwari. In aka shuka yau, iri zai tsiro, rana ta ƙone shi. Na mayar da mabuɗi aljihu, mutane suna ta gunaguni.

Da hantsi Malam Ɗanlami ya iso.

"Inci nawa?"

"Ɗaya da kwata, ranka ya daɗe."

"To, me sito yake yi a kulle? Ko takardar sallama kake nema?"

Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya harare ni, amma ya ɗauko rula daga mota. Mutumin nan ya durƙusa da wandonsa na guga, ya tona wuri goma a gona huɗu, yana awo yana rubutawa. Da ya gama sai ya fashe da dariya, ya juya ga Sarkin Noma.

"Baba, tun yaushe kake wannan gwajin?"

"Tun kafin a yi maka kaciya."

"Ya taɓa ba ka kunya?"

"Sau biyu. Shi ya sa yanzu nake tona tudu da kwari."

"Wallahi Baba, kai ne shehin fozitibizim a ƙasar nan!"

"Wace ɗariƙa ce kuma wannan? Ni ina da tawa, ta ishe ni."

Aka kwashe da dariya, har da masu gunagunin. Nan take Malam Ɗanlami ya ce a bar sito a kulle, kuma in an tambaya, umarninsa ne.

Kwana takwas ana rana kamar wuta. A na tara aka wuni ana ruwa a hankali. Sarkin Noma ya zura hannu har gwiwar hannu bai taɓo busasshiya ba, ya ce, "Yanzu buɗe." Mata suka yi guɗa. Shekarar nan ƙauyen ya ci sabon gero, ya kuma ajiye irinsa.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, kayan awonku sun fi namu nesa ba kusa ba. Amma ku riƙa tambaya, me wannan abin yake aunawa? Manomi ma mai bincike ne, sai dai shi in ya yi kuskure, iyalinsa ne ke kwana da yunwa, don haka ba ya wasa da gwaji. Kuma Allah ya haɗa ku da shugaban da zai yarda ya durƙusa.